Tsugunon Abokina a Ayutthaya

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta cikin sanyin London ba, ko da yake, in za a bi gaskiya, na yi shekaru ina ƙoƙarin mantawa. Ranar ce aka haska ni a bangon falon Alhaji Sabo, girmana ya kai na ƙofa, a gaban mutum wajen ashirin, ciki har da wanda ya taso tun daga Kano don ya duba ko na cancanci a ba ni mata.

Amma bari in faro daga tushe, don ni mutum ne da ba ya son a fahimce shi a karkace.

Shekarun nan ne da man fetur ya yi daraja, ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, duk wanda ya sauka London daga gida sai ka gan shi da akwati biyu, ɗaya da kaya, ɗaya fanko tana jiran rabonta. Ni kuwa na gama digiri a kan tattalin arziƙin noma, ina zaune a ɗaki ɗaya a Barking, a gidan wata tsohuwar Baturiya mai son goge-goge. Halina a lokacin (wasu za su ce har yanzu) shi ne tsantseni. Ni ne mai karanta bayan kwalin biskit a kanti ko akwai man alade, in na ga kalmar da ban gane ba in koma gida in rubuta wa kamfanin wasiƙa. In zan je Croydon sabunta biza, tun ana gobe nakan shiga jirgin ƙasa in je in ga ƙofar da ake shiga, in dawo. 'Yan'uwa suka ga haka suka naɗa ni sakataren karatun da ake yi duk Asabar a gidan Alhaji Sabo. A gabana suna ce min Sakatare. A bayana, na samu labari, Malam Wataƙila.

Alhaji Sabo babban ɗan kasuwa ne, ya sayi gida a wajen Edgware Road don 'ya'yansa su yi karatu. 'Yarsa Rakiya tana koyon aikin haɗa magunguna, kuma mun daidaita da ita, bayan na yi wata bakwai ina shirya jimlar farko. Matsalar ita ce Alhaji bai yarda da 'yan boko ba. Yakan ce, "Yaro in ya sha ruwan London shekara uku, kafin ka ba shi 'ya duba goshinsa da kyau." Ni na yi huɗu. Don haka duk abin da nake yi a gidan nan, daga jera tabarmi zuwa zuba wa malamin karatun shayi, ina yi ne ina sane ana duban goshina.

Ana cikin haka wata tawaga ta iso daga wata hukuma ta jiharmu, mutum tara, za su Thailand nazarin noman shinkafa. Ta London suka biyo (kowa ya san a wancan zamani hanya mafi kusa daga Kano zuwa Bangkok ita ce ta kantunan Oxford Street). Suna buƙatar wanda zai rubuta musu rahoto, tun da su manya ne. Wani ya ce akwai wani yaro a Barking mai rubuta wa kamfanin biskit wasiƙa. Aka yi min booking na jirgi.

Kwana goma muka yi. Gonar shinkafa sau ɗaya muka gan ta, ita ma ta tagar mota. Sauran kwanakin mambobin tawaga suna wajen tela da maƙeran zinariya, ni ina ɗakin otal ina rubuta abin da suka gano. Ana gobe za mu taso, masu masaukinmu suka shirya mana zuwa Ayutthaya, tsohon babban birnin ƙasar, wanda aka ce cike yake da ɗakunan ibada na mabiya Buddha. Mutum takwas suka kamu da ciwon kai lokaci ɗaya. Sai Shugaban tawaga, wanda ya ce ba ya son a ce Najeriya ta ƙi gayyata, da ni, wanda ba a tambaya ba.

Kafin mu tashi na yi dogon tunani. Na tuna malamai sun ce zuwa ganin kufan mutanen da don ɗaukar darasi ba laifi ba ne, amma ban tabbata ko hakan ya haɗa da kufan da har yanzu ake kunna turare a cikinsa ba. Sai na kafa wa kaina dokoki. Ba zan sunkuya ba. Ba zan haɗa tafin hannu irin gaisuwarsu ba. Na ɗaure igiyar takalmina ƙulli biyu tun a otal, don kada ta kwance a gaban wani abu in duƙa. Na kuma yanke cewa in wani abu ya faɗi daga aljihuna, ya zama rabon ƙasar Thailand. Haka na shiga garin, wuya a sandare kamar wanda ya kwana a kan dutse.

To, ga abin da ban shirya masa ba: garin ya shiga raina.

Ban san yadda zan kwatanta shi ga wanda bai gani ba. Ka ɗauki ganuwar Kano ka mai da ita jan tubali, ka tara mata suri manya-manya masu tsawon bene, wasu masu tsini, wasu kamar zangarniyar masara a tsaye, ka baza su cikin ciyawa kore shar, kogi ya kewaye su ta ko'ina. Zafi irin na Lokoja. Mai yi mana jagora ya ce an taɓa cin garin da yaƙi aka ƙone shi, shi ya sa rufin ya tafi sai ginshiƙai. A wani fili akwai mutum-mutumi na dutse a jere, a zaune sun tanƙwashe ƙafa, kusan dukkansu babu kai. A wani wurin kuma akwai guda ɗaya a kwance a sarari, tsawonsa ya fi tirela, ya tallafe kai da hannu, an yafa masa ƙyalle rawaya. Masu ibadarsu suna wucewa, kai a aske, mayafi ruwan goro, ba mai ɗaga murya. Wata tsohuwa ta ajiye fure ta tafi abinta. Ni da na zo ina ta A'uziyya a zuci, sai na tsinci kaina ina ɗaukar hoto ba ƙaƙƙautawa, ina tunanin mutanen da suka jera tubalin nan ɗaya bayan ɗaya, su ma suna ganin zamaninsu ba zai wuce ba. (Na so in sa wannan a rahoto, amma ban ga inda zai shiga tsakanin takin zamani da ban-ruwa ba.)

Daga ƙarshe aka kai mu gindin wata bishiya irin ceɗiyarmu. A cikin saiwoyinta, dab da ƙasa, akwai kan mutum-mutumi na dutse. Saiwoyin sun rungume shi sun bar fuskar kawai, fuska mai natsuwar da ni ban taɓa samu ba ko a barci.

Shugaba ya karɓi kyamarata. "Sakatare, matsa can a ɗauke ka. A sa a rahoto, a san mun zo."

"Ranka ya daɗe, wataƙila ba lallai ne..."

"Matsa mana!"

Na matsa, na tsaya ƙyam kamar soja. Abin da ban sani ba shi ne wurin yana da al'ada: ba a tsayawa a gaban kan nan kanka ya fi shi tsawo. In za a ɗauke ka hoto, sai ka yi ƙasa. Kuma akwai mai gadin al'adar, wani dattijo mai furfura fat, yana zaune a kan 'yar kujera a ɗaya gefen bishiyar. Ya ɗaga sandarsa ya nuna ƙasa, ya daka min tsawa da yarensu.

Ban san kalma ɗaya a yaren ba, amma na san muryar. Muryar kakana ce in ka shigo zaure da takalmi. Kafin digirina ya ce uffan, jikina ya gama aikinsa. Na tuɓe takalman nan masu ƙulli biyu (har yau ban san yadda aka yi ba), na zube, gwiwa ɗaya a ƙasa, kai a sunkuye, na dunƙule hannun dama na ɗaga, na hagu ya tallafe shi. Bakina ya ce, "Ranka ya daɗe."

Ƙyas.

Ina so mai karatu ya fahimce ni da kyau: dattijon nake gaisarwa. Ina kyautata zaton dattijon nake gaisarwa. Shi ma ya gane haka, don ya yi murmushi ya gyaɗa kai, alamar ya ga ɗan gidan mutunci. Amma Shugaba ba gwanin ɗaukar hoto ba ne. Da na dawo London na kai fim ɗin kyamis, inda ake wankin hoto a can, aka wanko min shi a irin ƙananan hotunan nan masu bakin kwali da ake haskawa da majigi, na ɗaga wannan a hasken taga, babu dattijo, babu kujera, babu sanda. Ni ne kawai, da hulata zanna, da takalmana a gefe a jere, ina jinjina wa kan dutse.

Mako biyu ban ji daɗin abinci ba. Na rasa ko laifi na yi, ko rabin laifi, ko kamar laifi. Sai na yi abin da duk Bahaushe mai kunya yake yi: na ƙirƙiro aboki.

Mai ba mu karatun Asabar shi ne Malam Isa, dattijo daga Zariya, wanda ya zo aikin ido Alhaji ya riƙe shi. Na rubuta masa wasiƙa shafi huɗu a kan wani abokina da muka yi tafiyar tare. Na bayyana zafin ranar, da muryar dattijon, da abin da abokin ya ji a zuciyarsa kafin tsugunon da bayansa. Har taswira na zana, na nuna inda bishiya take, da inda dattijo yake, da kibiya mai nuna inda idon abokin yake kallo. Na ɗauka a keɓe zai ba ni amsa. Ranar Asabar, ana idar da karatu, Malam ya zaro takardar daga aljihu.

"Sakatare ya kawo tambayar wani abokinsa," ya ce, ya karanta ta tas, har taswirar ya miƙa aka zagaya da ita. Sannan ya cire tabarau. "Aiki da niyya yake. Wanda ya tsuguna wa dattijo don ladabi, dutse ya shigo tsakani, babu komai a kansa. Sai dai a ce masa ya riƙa duban gabansa."

Da a nan maganar ta tsaya, da yau ba ni da labari. Amma Alhaji ya gyara zama.

"Allah gafarta Malam, ni fa ban gamsu ba. Me ya kai shi gidan gumaka tun farko? Irin 'yan bokon nan ne." Ya juyo gare ni. "Kai Sakatare, kana ina lokacin?"

Duk falon ya juyo. Na ji goshina yana zafi.

"Ina cikin mota, Alhaji. Ko gilashi ban sauke ba."

"Madalla. Me ka ce masa da ya dawo?"

A rayuwata ban taɓa yin jimla uku a jere babu wataƙila ba sai ranar. Na ce na yi masa faɗa sosai. Na ce na gaya masa wanda bai iya tsare gwiwarsa ba, ba zai iya tsare gida ba. Na ce irinsu ne ke zubar mana da mutunci a ƙasashen waje, kuma tun daga ranar na rage hulɗa da shi, gaisuwa kawai. Ina magana ina jin daɗin muryata, don ban taɓa sanin tana da ƙarfi haka ba. Malam Isa ya mai da tabarau yana kallona ta samansa.

Alhaji ya buga cinya. "Kun ji ɗan halak! Wallahi irin abokin nan naka, ko kaza ba zan ba shi ba, balle 'ya." Da aka watse ya riƙe ni a bakin ƙofa. Ya ce ƙanensa Baffa Tanko, wanda shi ne waliyyin Rakiya, zai zo daga Kano nan da mako biyu. Ya ce ya sayi sabon majigi, in zo in nuna wa jama'a hotunan aikin shinkafa, Baffa ya gan ni ya ji ni, daga nan sai a yi magana. Ya ba ni tire biyu na majigin, dogaye masu ramuka da murfi, in jera hotunan a gida.

Na koma Barking a jirgin ƙarƙashin ƙasa ina jin kamar na haye gadar da na daɗe ina tsoro. Abokina kam ko tunawa da shi ban yi ba.

Hotunan shinkafa, da na otal, da na zaman taro, duka sun shiga tire ɗaya. Na buga jawabi da tafireta, kowane hoto da lambarsa da bayaninsa. Saura na Ayutthaya. Mai hankali zai ƙone su. Ni kuwa na tsaya tunanin ko ƙonewa ɓoye shaida ne, in kuma na jefa a shara tsohuwar gidanmu tana duba shara. Gaskiyar da ban faɗa wa kaina ba ita ce ina son su. Sai na jera su a tire na biyu, na rufe, don nan ne kawai ba za ta goge ba.

Yanzu ga tire biyu iri ɗaya sak. Ban so in rubuta komai a jiki ba, kada wani ya karanta. Sai na ɗaura jan zare a na nunawa. Washegari na yi tunanin ja alamar haɗari ce, hankalina zai iya ruɗewa, sai na mai da zaren kan na ɓoyewa. Ranar Laraba na ga cewa in zaren ya zame shi ke nan, sai na ɗaura wa ɗayan baƙi. Na rubuta ma'anar kowane launi a takarda. Ranar Alhamis na yaga takardar, kada ta faɗa hannun wani. Ranar Juma'a na buɗe su na duba sau uku, komai daidai, sannan, don ƙarin tsaro, na musanya zaren.

Ranar Asabar na ɗauki wanda nake da yaƙinin shi ne. Na kai hannu zan buɗe in sake dubawa, sai na ji tsoron kada yatsa ya ɓata hoto.

Bayan La'asar aka ja labule. Maza a falo, mata a ɗakin cin abinci an buɗe musu ƙofa, Rakiya da mahaifiyarta Hajiya a gaba. Baffa Tanko a babbar kujera, mutum mai jiki da carbi da dariya a kusa. Alhaji ya karɓi tiren ya zura da kansa, ya riƙe maɓallin majigin mai doguwar igiya. Na ce wataƙila zai fi sauƙi in riƙe. Ya ce, "Kai dai yi bayani. Injin nan ba kowa ya iya shi ba."

Wani malaminmu a jami'a ya taɓa gaya mana mai jawabi ba ya juya wa masu sauraro baya. Ni kuma ba na karya doka. Na tsaya a gefen bangon da ake haskawa, fuskata ga jama'a, 'yar tocila a kan takarda. Aka kashe fitila.

Ƙyas.

"Hoto na ɗaya. Wannan shi ne masaukin da aka ba tawagarmu. Ba laifi, ko da yake wataƙila yana buƙatar ɗan gyara."

Sai muryar Baffa: "Ɗan gyara?"

(Daga baya na san rusasshen ginin jan tubali ne, babu rufi, ciyawa ta tsiro a kansa.)

Ƙyas.

"Hoto na biyu. Mambobin tawagarmu ke nan a zaman taro na farko. Kowa ya ba da gudummawa daidai fahimtarsa."

Wani ya shaƙe da shayi. Baffa ya ce, "Wallahi haka suke a gida ma!" Falo ya ɗauki dariya. Waɗannan su ne na jere, marasa kai. Ni kuwa na ɗauka jawabina ne ke armashi. Na ɗan yi murmushi na ƙara ɗaga murya. Daga ɗakin mata na ji Rakiya ta yi tari sau biyu. Na ƙudurta in saya mata maganin tari ranar Litinin.

Ƙyas.

"Hoto na uku. Shugaban tawaga yana duba gonar shinkafa. A haka ya wuni, bai huta ba."

Wannan shi ne na kwance, mai tallafe da kai. Baffa har carbinsa ya faɗi. Wani likita da ke kusa da ni yana share hawaye yana cewa, "Sakatare, ashe haka kake? Za ka sa a kama mu!" Sun ɗauka da gangan na shirya, ina yi wa manyan gwamnati shaguɓe. Rakiya ta yi tari kamar za ta shiɗe. Haka muka bi hoto tara, ni ina ta bayanin ban-ruwa da injin casa, su suna ta birgima. A raina na ce ashe haka farin jini yake.

Ƙyas.

"Hoto na goma. Wannan ni ne, ina gaisawa da babban jami'in da ya karɓe mu. Ganawar ta shiga raina ƙwarai, kuma na yi masa alkawarin zan dawo."

Ba wanda ya yi dariya.

Irin shirun nan ne da ake jin fankar cikin majigi. Na jira ƙyas, babu. Na ɗaga kai daga takarda, na ga fuskoki ashirin a cikin hasken, ba mai kallona, duk bayana suke kallo. A karo na farko a rayuwata na karya doka na juya wa masu sauraro baya.

Ga ni nan, bango guda. Gwiwa a ƙasa, kai a sunkuye, hannu a sama. Takalma a gefe a jere. Kan dutse yana dubana cikin natsuwa, shi kaɗai ne a ɗakin bai girgiza ba.

Malam Isa, wanda tun da aka yi masa aikin ido ba abin da ke wuce shi, ya ce a hankali, "Sakatare, abokin nan naka, har hularku iri ɗaya ce."

Hular tana kaina a lokacin.

Alhaji ya shiga danna maɓalli. Hoton ya maƙale. Ya danna gaba, injin ya yi ƙara, na ɗan gusa na dawo. Ya danna baya, na ɗan gusa na dawo, kamar ina ƙara jinjinar. Ban san minti nawa na yi a bangon nan ba. Na buɗe baki in yi bayani, abin da ya fito shi ne, "Wataƙila..."

"Wataƙila me?" in ji Alhaji. "Wataƙila motar ce ta tsuguna da kai a ciki?"

Sai muryar Hajiya daga ɗakin mata, ba ta ko rage ta ba. "Ni ku bar min shi in gani. Alhaji, dubi tsugunon nan. Dubi yadda ya jera takalma. Shekarata uku a garin nan, yaran da ke zuwa gaishe ni sai su miƙo min hannu kamar 'yan ƙwallo. Wannan an yi masa tarbiyya."

"Wa dutse, Hajiya!"

"To wanda ya yi wa dutse haka, ya kake gani zai yi wa surukai?"

Baffa ya kwashe da dariyar da ya riƙe. Wani ya cire filogi, aka kunna fitila, mutane suka fara tuna suna da jirgin da za su kama.

Muka rage mu huɗu a falo: Alhaji, Baffa, Malam da ni. Ban san lokacin da na sauka daga kujera na tsuguna ba, sai da na lura irin na hoton ne sak, na yi sauri na canza gwiwa. Na faɗi komai, babu aboki, babu mota. Alhaji ya daɗe yana kallon majiginsa.

"Tsugunon, Malam ya ce babu komai, na bi Malam," ya ce. "Ƙaryar ma na san tsoro ne. Abin da ya tsaya min shi ne bakinka. Mutum ya yi kuskure, ya zo gare ka a ruɗe, ka zo gabana ka yanka shi gunduwa-gunduwa don in yabe ka. Gobe 'yata ta yi kuskure fa?"

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

"Kuma na riga na rantse a gaban jama'a, ko kaza ba zan ba shi ba."

Baffa ya tsinci carbinsa. "Yaya, riƙe kazarka. Ba kai ke bayarwa ba, ni ne waliyyi. Ni ban rantse ba. Kuma rabon da in yi dariya haka tun kafin yaƙin basasa."

Ba a ba ni a ranar ba. Alhaji ya ɗaga maganar wata shida, ya kuma kafa sharaɗi: Asabar mai zuwa in tashi a gaban mutanen da na yi maganar a gabansu, in nemi gafarar abokina. Na ce, "Alhaji, ai ni ne." Ya ce, "Na sani. Ka zalunce shi, ka roƙe shi."

Na kuwa yi. Na miƙe a gaban mutum ashirin na ce na ci naman abokina, na ɗora masa abin da bai kai ba, mutumin kirki ne, tsoro ne kawai ya yi masa yawa. Malam Isa ya tambaya, fuska ba dariya, ko ya yafe. Na ce ina kyautata zato.

A bakin ƙofa Rakiya ta tare ni da faranti a hannu. Na ce mata na san ta ji kunya ranar majigi. Ta ce, "Ranar majigi? Ni tun ranar wasiƙa na sani. Kowa ya sani in ban da Baba. Kai da ba ka da aboki a London sai tsohuwar gidanku? Kuma wane aboki ne zai gaya maka abin da ya ji a gwiwarsa?" Ta miƙo min farantin. "Na yi tari har maƙogwarona ya yi ciwo."

Na zaro maganin tarin daga aljihu. Na riga na saya.

An ɗaura auren a Kano da damina. Baffa, wajen addu'a, ya tambaya da ƙarfi ko babban abokin ango ya samu zuwa. Hoton yana nan a gidanmu, Rakiya ta sa an wanke shi babba, ta ce nan ne kawai ta taɓa ganina na yi abu ban tsaya tunani ba. Alkawarin komawa kuwa ban cika ba tukuna, ina dai nazari.

Darasin da na ɗauka ba mai yawa ba ne. Zare ɗaya ya isa tire biyu. Mai jawabi ya riƙa waiwaye. In kuma dole sai ka ƙirƙiro aboki don ya ɗaukar maka laifi, ka tausaya masa a gaban mutane, don da shi za ka koma gida. Nawa har yau muna tare. Jiya ma ina zaune na ji Rakiya daga kicin tana cewa, "Malam, abokinka ya sake barin famfo a buɗe."

Na ce zan yi masa magana, amma a hankali.